Mahaifar na haƙura da ita, ƙwayayen ne suka hana ni barci

Ni dai da na shiga wajen likitan mata ranar nan na riga na yanke wa kaina hukunci, a cire mahaifar kowa ya huta. Shekara uku ina fama da fibirom, ƙarin nan da ke fitowa a mahaifa, jinin al'ada ya yi kwana goma sha biyu yana zuba kamar an kwance famfo, sau biyu ana min ƙarin jini, in na tsaya gaban allo a lekol sai in ji aji yana juya min. Shekarata 43, yara biyar Allah ya raya, to me kuma nake nema. Abin da ban shirya masa ba shi ne tambayar da ya jefo min yana cikin rubutu ko kaina bai ɗago ya duba ba, wai madam ƙwayayen haihuwar fa, mu bar su ko mu haɗa da su? Kuma a danginku akwai wanda ya taɓa yin kansa, wato ciwon daji?

Na ce ai ita ta kashe Innata. Sai ya ajiye bik ya ce wace iri. Wallahi nan na yi tsuru, uwata ce fa, ni na yi jinyarta, ni nake wanke mata zannuwa, amma ban san wace iri ba. Abin da na sani ciwon daji ne na ciki, ta mara, jini da ruwa mai wari, shi kenan. Ya ce in je in nemo, kuma kar in tsaya a dangin uwa kaɗai, har na uba, in dawo bayan sati biyu.

Bari in yi bayani don ni ma da ban rarrabe ba. Mahaifa daban, ƙwayayen haihuwa guda biyu da suke ce wa ober daban, sai kuma bututu biyu da ƙwai ke bi ya gangaro mahaifa. In an cire mahaifa al'ada ta tsaya, haihuwa ta tsaya, amma in an bar ober ɗin suna ci gaba da aikinsu na fitar da sinadarin mace, estrojen, har lokacin da za su gaji da kansu wajen shekara hamsin. In kuwa aka haɗa da su to daga ranar kin shiga menopoz, ba a hankali ba irin na kowa, lokaci guda kamar an ɗauke wuta. Zafin jiki mai tasowa daga ƙirji, gumin dare, bushewar gaba, sannan wanda ba a gani da ido, ƙashi ya riƙa yin sanyi da wuri, ciwon zuciya ma haɗarinsa ya ƙaru. Likitan ya ce wani dogon bincike da aka yi kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna waɗanda aka cire wa ober kafin shekara 50 kuma ba su sha maganin maye gurbi ba, mutuwar wuri ta fi yawa a cikinsu a kan waɗanda aka bar wa, duk da kansar ober ɗin ta ragu. Ka ga kenan ba kyauta ake cirewa ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne mai ban tsoro. Kansar ober muguwa ce don ba ta sallama, sai ciki ya fara kumbura ake ganewa, lokacin ta yi nisa. Na ce to ba sai in riƙa yin eko, wato hoton ciki, duk shekara ba? Ya girgiza kai, ya ce a Ingila an bi mata sama da dubu 200 shekara da shekaru ana musu eko da gwajin jinin nan CA-125, da sakamako ya fito a 2021 bai rage yawan masu mutuwa ba. A cikin mata gama-gari wajen ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ne ke kamuwa da ita a rayuwa, amma mai ɗauke da gurɓataccen ƙwayar gadon da ake kira BRCA1 abin yana kai wajen 40 cikin ɗari, mai BRCA2 kuma tsakanin goma da ashirin. Irin waɗannan ne ake ba shawarar su cire tun suna 35 zuwa 40, ko 40 zuwa 45 in na biyun ne. Shi ne abin da 'yar fim ɗin nan Angelina Jolie ta yi, nono a 2013, ober da bututu a 2015, amma ita gwaji ta yi ta ga tana da shi. Ni da na tambayi gwajin sai ya ce jinin sai an aika waje, da ya faɗi kuɗin kuwa dariya kawai na yi, albashina na wata nawa kenan. Saura tarihin dangi, shi ne gwajin talaka.

Na dawo gida na faɗa wa Abban yara, shi ko ɗaya bai ga abin dogon tunani ba, ya ce tunda an buɗe cikin ai sai a kwashe duka, gobe kar a sake cewa a kawo kuɗin wata tiyatar. Ban ga laifinsa ba, shi ya ga yadda Inna ta ƙare. Yayata ta Kano ma haka ta ce a waya, ke dai cire ki huta, me za ki yi da su. Har na fara karkata can sai wata abokiyar aikina da ba ta taɓa ba kowa labarinta ba ta ja ni gefe lokacin rekireyasiyo. Ita tana 38 aka yi mata a wani wuri da ba zan faɗa ba, ba wanda ya tambaye ta, mijinta ya sa hannu a takarda aka shiga da ita, sai da ta yi wata uku tana tashi tsakar dare jiƙe sharkaf tana zaton aljanu ne sannan wata sajfam ta duba takardarta ta ce ai an haɗa da ƙwayayenki. Ta ce min ke kin san zafin Damagaram a watan Afirilu, sama da digiri 40, ga wuta an ɗauke, ga wata wutar tana tasowa daga cikin jikinki. Akwai magani, kuma wadda ba ta da mahaifa estrojen ɗin kaɗai ake ba ta, amma kullum ne, da kuɗinki, wani watan ta zaga farmasi uku ba ta samu ba.

To sai na shiga tone-tone. Na Inna bai ba ni wahala sosai ba, ƙaninmu ne ya adana tsohuwar adakarta, muka zazzage, cikin wata leda baƙa ga karne ɗinta na likita da takardun da aka ba mu a Yamai lokacin da muka kwashe ta kilomita wajen 900 a mota, ta kwanta a cinyata tun daga Maraɗi. Lokacin ko na'urar gasa ciwon daji babu a ƙasar, sai a 2021 aka fara a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, Inna ta daɗe a ƙasa. Na zauna na karanta takardar da na riƙe a hannuna sau ba adadi ban taɓa karantawa da hankali ba, kol aka rubuta, wato bakin mahaifa. Ita wannan kusan dukanta ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, ba gadonta ake ba kamar gona. Na yi kuka ranar, rabi na tunawa da ita rabi kuma na wani nauyi da ya sauka, shekara da shekaru ina ganin abin da ya ci uwata yana kwance a jinina yana jira.

Dangin uba ne aikin. Ni da ma ban ɗauka suna cikin lissafi ba, ina ce ciwon mata ta wajen mata yake bi, ashe namiji yana ɗauke da shi lafiya lau ya miƙa wa 'yarsa. Baba ya rasu, saura babbar Goggonmu a Mirriya, na sayi goro da sukari da turmin atamfa na hau mota ranar Lahadi ta kasuwa. In kun san tsofaffinmu kun san ba a shiga da maganar matattu kai tsaye. Sai da muka gaisa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na sha fura, sannan na ce Goggo wai ni ƙanwarku da aka yanke wa nono, tana da shekara nawa lokacin? Ta dube ni ta ce ke 'yar nan me ya kawo wannan, wanda ya tafi ai sai addu'a. Sai da na buɗe mata cewa wuƙa za a sa min kuma likita ne ya aiko ni, nan ta gyara zama.

Shekaru kuwa ba ta san su da lamba ba, kuma ba wanda ke da takardar haihuwa a cikinsu. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in tambaya da abin da ya faru. Yaushe aka yi mata aure? Shekarar da Nasara ya ba da mulki, 1960 kenan, tana 'yar budurwa. Yaushe ciwon ya fito? Shekarar da soja suka sauke Tandja, 2010. Na ƙirga a yatsa, ta haura sittin da 'yan kai. Na rubuta a kaye. Sai ga wata da ban ma san da ita ba, wata 'yar uwarsu da ta rasu kafin a haife ni, cikinta ya cika da ruwa kamar mai cikin wata tara, aka ce sammu ne kishiya ta yi mata, har yau gidajen biyu ba sa ga maciji. Gabana ya faɗi don haka kansar ober take yi a ƙarshe. Na ce Goggo idonta fa, ta ce ya yi ruwan ɗorawa shar, fitsarinta kamar shayi. Na rubuta wannan ma. Na tambayi maza, ko akwai mai ciwon hanji, don likita ya ce akwai wani gadon da ke haɗa kansar hanji da ta cikin mahaifa da ta ober, ta ce ba ta taɓa ji ba.

Ranar randebu na shimfiɗa masa kayen. Ya ce abin da suke nema shi ne kansar ober a uwa ko 'yar uwa ko goggo, ko ta nono tun mace ba ta kai 50 ba, ko nono biyu, ko mutum biyu uku a layi ɗaya, ko namiji mai kansar nono. Nawa ga ta bakin mahaifa ɗaya, ga ta nono ɗaya bayan sittin. Mai ruwan cikin kuma da idon da ya yi ɗorawa ya fi kama da hanta, don ciwon hanta ya yi yawa a ƙasar nan, amma ya ce ba zai rantse min ba, ba wanda ya duba ta. Na so wannan gaskiyar tasa ko da ba ta min daɗi ba. Sannan ya kawo hanya ta uku da ban san da ita ba, a cire mahaifa har da bakinta, a cire bututun biyu, a bar ober. Wai an gano da yawa daga cikin mugunyar kansar da ake ce wa ta ober daga bakin bututun take farawa, kuma bututun ba shi da sauran aiki in babu mahaifa. Yana rage haɗari, bai kai cire ober ɗin ba, kuma ga mai BRCA tabbatacce ba ya wadatarwa.

Na yi istihara kwana uku. Abin da na tsaya a kai kenan, a bar min su, da sharaɗi ɗaya, in ya buɗe ya ga wani abu a jikinsu da bai kwanta masa ba ya cire, na yafe. Kuma na ce a rubuta haka a takardar da za a sa hannu, ni ma in sa nawa hannun kusa da na Abban yara, saboda labarin abokiyar aikina bai bar kaina ba. Ya ɗan ɓata rai a mota, wai kamar ban yarda da shi ba, na ce Malam ba kai ba ne, takarda ce ke shiga ɗakin tiyata, kai a waje za ka zauna.

Da na farfaɗo daga anestezi, bakina a bushe, abin da na fara tambayar sajfam ɗin da ke kaina shi ne suna nan? Ta yi dariya ta ce suna nan Hajiya, su biyun. Abin da aka ciro aka aika awo, mun yi sati biyar muna jiran rezilta, fibirom ne kawai. Kuskuren da na yi shi ne saurin komawa aiki, sati huɗu na ɗauki bokitin ruwa ɗinkin ya yi min ciwon da sai da na koma kwance, an ce sati shida zuwa takwas ban ji ba. Yanzu wata goma sha huɗu, jini ya dawo jikina, ba zafin dare, ko da yake ya gaya min wadda aka cire wa mahaifa wani lokaci ober ɗinta kan gaji da ɗan wuri, don haka ina saurare. Nono ina dubawa duk wata, kuma mun yi da shi in aka samu wata a dangi ta kamu, ko cikina ya riƙa kumbura ko in riƙa ƙoshi daga loma biyu har sati biyu uku, in dawo a sake zama, ko da na kai hamsin ma za mu sake duba maganar.

Wani dare in na tuna matar nan mai ruwan ciki har yanzu sai in ji ɗar. Kayen kuma na yi fotokopi uku, ɗaya na ba ƙanwata, ɗaya na aika Kano, ɗaya na sa cikin takardun babbar 'yata. Goggo ta aiko yaro makon jiya wai ta tuno wata kuma ta wajen kakanmu, in zo da kayen in na samu hutu.