Abin da na koya game da matafiyan da ake mayarwa daga filin jirgi

Yawancin masu shigowa ofishinmu a nan Yamai, da zarar biza ta fito a fasfo sai su ɗauka magana ta ƙare. A yi musu barka, su sayi tsaraba, su yi ban kwana da dangi. Aikin shirya tafiye-tafiye ya koya mini cewa saura mutum ɗaya da bai ce komai ba tukuna: ɗan sandan da ke zaune bayan gilashi a filin jirgin ƙasar da za a sauka. Ofishin jakadanci bakin ƙofa kawai ya kai ka, mabuɗin yana hannun wannan. Haka abin yake a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, haka yake a Jidda da Dubai.

Idan bai gamsu ba, sai ya ce ka koma gefe. A kai ka wani ɗaki, a sake tambayarka abin da aka riga aka tambaye ka: ina za ka kwana, wa ya gayyace ka, nawa ke hannunka, ina tikitin komawa. Idan aka yanke cewa ba za ka shiga ba, za a ba ka takarda mai ɗauke da dalili. A Turai, a da, har hatimin shiga ake bugawa a fasfo, sannan a soke shi da gicciye na baƙin tawada. Daga nan nauyinka ya koma kan kamfanin jirgin da ya kawo ka, domin ƙa'idojin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin jiragen sama sun ɗora masa alhakin mayar da kai, wasu ƙasashen kuma har tara suke cin sa. Shi ya sa ma'aikaciyar da ke duba takardu a filin jirgin Diori Hamani take tsanantawa. Tana duba wani kundi na kwamfuta mai suna Timatic, wanda ke faɗa mata abin da kowace ƙasa ke nema. Na sha ganin alhazai suna yi mata faɗa, “Ai na biya kuɗina!” Ni kuwa tausayinta nake ji. Wanda ta tsayar a Yamai zai kwana a gidansa, wanda ya wuce da fasfon da bai kai wata 6 kafin ya ƙare ba, a kan kujerar ƙarfe zai kwana a Jidda.

Wani ɗan kasuwa daga Tawa da aka mayar daga Faransa ya zo mini da safe, da kayan da ya tafi da su a jikinsa, idanunsa sun yi ja. A jirgin dawowa ba a bar masa fasfonsa ba, a cikin ambulan aka damƙa wa ma'aikatan jirgi, sai da suka sauka aka miƙa wa ƴan sanda. Ya cire hula, ya zaro takarda da ya ninke huɗu ya ajiye a kan tebur. Na ce, “Alhaji, da suka tambaye ku masauki, me kuka ce?” Ya ce, “Gidan ƙanena mana, ina kuma zan sauka?” Takardunsa kuwa otel suka nuna, wanda wani dillali ya kama masa don a samu biza, aka soke shi bayan ta fito. Ƴan sandan sun buga waya otel ɗin, aka ce ba a san da zuwansa ba. Gaskiya ya faɗa da bakinsa, ƙaryar da wani ya rubuta da sunansa ce ta kayar da shi. Da ƙanen ya karɓo masa takardar masauki daga ofishin magajin garin da yake zaune, kamar yadda Faransa ke nema ga mai sauka a gidan wani, da ya wuce lafiya. Wannan ne abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a: masu cin kuɗin mutane su haɗa musu takardun da ba su san abin da ke ciki ba.

Abin da ya fara nema shi ne a yi masa sabon fasfo, wannan mai gicciye a ce ya ɓata. Na roƙe shi kada ya yi. Zamanin da ake ɓoye tarihi da sabon fasfo ya wuce, yanzu yatsu ake dubawa. Mutanenmu da suka taɓa zaman takari a Saudiyya aka kamo su aka koro sun san wannan: wani ya sake suna da shekarar haihuwa, ya biya kuɗin Umra, yana ɗora yatsa a na'ura a Jidda tsohon sunansa ya fito.

Na kuma koyi cewa wanda aka tsare yana da haƙƙi, sai dai ba kasafai ake samun mai faɗa masa da harshen da yake ji ba. A Faransa ana ajiye mutum a wurin jira na filin jirgi kwana 4, bayan haka sai alƙali ya yarda a ƙara kwana 8, ana iya sake ƙara wasu 8. Yana da damar neman tafinta, da likita, da lauya, da kiran ofishin jakadancin ƙasarsa ko wani nasa, yana kuma iya neman a bar shi yini ɗaya cikakke kafin a sa shi a jirgi. Dattawanmu kuwa kunya da tsoron hukuma kan sa su sa hannu a kan abin da ba su karanta ba. Duk wanda ba ya jin Faransanci ko Ingilishi, sai na rubuta masa a ƴar takarda cewa yana buƙatar tafintan Hausa, da lambar wanda zai tarbe shi, na ce ya sa a aljihun gaba, kada ya dogara da waya kaɗai.

Iyakokin ƙasa labarinsu daban ne. A Ƙonni, kusa da iyakar Nijeriya, wanda aka hana wucewa yakan juyo ne ya nemi motar komawa. Amma tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ina gaya wa kowa ya daina tafiya da zato, ya riƙe takardar shaidarsa mai aiki da katin rigakafin shawara.

Asarar kuɗi takan yi ciwo, don kuɗin biza ba ya dawowa, wani kuma gona ya jinginar. Amma kunya ta fi yin ɓarna. Mutum ya yi sallama da unguwa duka, sai ya dawo ya ɓuya a gidan ɗan'uwa a Yamai, ya kasa komawa Tawa, daga nan ya koma wurin dillalin da ya cuce shi don a sake gwadawa da sauri. Don haka abin da nake fara nema a wurin wanda aka mayar shi ne takardar nan mai ɗauke da dalilin hana shi shiga, mu duba harafin da aka yi wa alama. A ta Schengen, E na nufin bai nuna hujjar dalilin zuwansa da masaukinsa ba, G na nufin kuɗin hannunsa bai isa ba. Waɗannan ana gyara su a sake nema. Idan B ne ko D, wato zargin takardar jabu, ko H, wato sunansa na cikin jerin waɗanda aka hana shiga, ba na sayar masa da tikiti sai ya ga lauya.