Zane-zanen da gwamnatocin gurguzu suka bari

A garin Beeskow da ke jihar Brandenburg ta ƙasar Jamus akwai wata ma'ajiya mai ɗauke da dubban zane-zane da sassaƙe-sassaƙe waɗanda jam'iyyu da ƙungiyoyin ma'aikata da na matasa na tsohuwar Jamus ta Gabas suka sa aka yi musu. Da ƙasar ta haɗe da Jamus ta Yamma a 1990, sai waɗannan kaya suka rasa uban gida, domin ofisoshi da gidajen hutun da aka rataye su a ciki an rufe su ko an sayar, kuma da yawa daga cikin masu faɗa a ji sun ɗauke su a matsayin farfaganda kawai.

Kowace ƙasa ta bi tata hanya. Hangare ta tattara mutum-mutumi 42 na zamanin gurguzu a wani fili a gefen Budapest, ta buɗe wa jama'a a 1993. A Berlin kuwa, mutum-mutumin Lenin, jagoran juyin juya halin gurguzu na Rasha, mai tsawon mita 19, an farfasa shi a 1991 aka binne cikin daji, sai a 2015 aka tono kansa, yanzu yana baje a tsohuwar ganuwar Spandau.

A ganina, da kuɗin talakawa aka biya masu zanen nan, saboda haka jama'a na da haƙƙin ganin aikin, ko da sun tsani waɗanda suka sa aka yi shi. Amma rataye hoto a bango bai wadatar ba. Abin da ya fi amfani shi ne takardun da ke tare da shi: wane ofishi ya ba da aikin, nawa aka biya, wane gyara kwamiti ya tilasta, kuma a ina mai zanen ya yi gardama. Babban zanen da mai zane Werner Tübke ya yi a garin Bad Frankenhausen, mai tsawon mita 123 da tsayin mita 14, gwamnatin Jamus ta Gabas ta nema ne don ta ɗaukaka tawayen manoma na ƙarni na 16, amma abin da ya fito ya cika da annoba da tsoro da alamun addini, ba irin abin da jami'an jam'iyya suka saba so ba. Wanda bai ga yarjejeniyar aikin ba, da wuya ya gane yadda haka ta yiwu.

Mu nan Yamai zancen bai yi mana nisa ba. Cikin dattawanmu akwai likitoci da injiniyoyi da suka yi karatu a Mosko da Kiyef, sun wuce ƙarƙashin irin waɗannan hotuna kullum. Nijar ba ta taɓa zama ƙasar gurguzu ba, amma zamanin mulkin Seyni Kountché ƙungiyar matasa ta samariya ta yi waƙoƙi da wasannin da hukuma ta ɗauki nauyinsu, kuma tambayar wa zai iya sauraren faifan waƙoƙin nan a yau iri ɗaya ce da ta Beeskow. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke son kwatanta su biyun ba ya buƙatar biza zuwa Turai idan aka sa jerin kayan da hotunansu da takardunsu a intanet kyauta, cikin harshen da zai iya karantawa.