Abin da jinyar namun daji ke koya wa mai neman lasisi

Tausayi kaɗai ba ya ba mutum izinin ajiye naman daji a gidansa. A Amurka, lasisin jinyar dabbobi masu shayarwa daga hukumar jiha yake fitowa, kuma kowace jiha da nata sharuɗɗan: wata ta ce sai an yi jarrabawa, wata sai an zauna ƙarƙashin mai lasisi, galibi kuma sai an zo an duba kejuna. Tsuntsaye masu ƙaura kuwa dokar 1918 ce ta kare su, sai da izinin gwamnatin tarayya. Mai neman wannan izinin ya kai shekara 18, ya yi aikin hannu na awa 100 cikin aƙalla shekara guda, ya kuma kawo takardar likitan dabbobi da ya yarda su yi aiki tare. Wanda zai taɓa jemage ko dila ya fara yin rigakafin ciwon haukan kare.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Mai wuyar shi ne koyon riƙe hannu.

Sabon shiga da an miƙo masa dabba, abinci yake fara nema, kuma nan ake yawan yin asara. Jikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, sai ya tsaya a ciki ya ruɓe. Ɗumi ne farko: kwali mai ƙofofin iska, tsumma a ƙasa, kwalbar ruwan ɗumi naɗe da ƙyalle a gefe ɗaya don dabbar ta iya matsawa in zafi ya yi yawa, a duhu, ba hayaniya. Sai ruwan jiki, sannan abinci, kaɗan-kaɗan. Dabbar da ta daɗe da yunwa, cika mata ciki lokaci guda na iya kashe ta.

Madarar shanu gudawa take sa wa yawancin jariran daji. Madarar da ta dace ma sai da awo: a ɗora ɗan kurege a sikeli kowace safiya, a ba shi kamar kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a sha ɗaya, wato mai gram 40 ya sha mililita 2. A kife shi bisa cikinsa, a danna sirinji a hankali. In madara ta ɓullo ta hanci, a tsaya nan take, ya ƙware ke nan, ciwon huhu na iya biyowa. Tsuntsu kuma ba a ɗiga masa ruwa a baki, domin ƙofar numfashinsa tana gindin harshe.

Wanda aka ƙwato daga bakin kyanwa, ko ba a ga jini ba, likita yake buƙata a ranar. Ƙwayoyin cutar da ke yawunta na gamawa da tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗan shaho ko mujiya da aka ciyar da tsoka zalla ƙashinsa lanƙwashewa yake, don kalsiyam ɗinsa a ƙashin ɓeran da yake haɗiyewa yake.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a ɗauko ba tun farko. Ɗan barewa da ke kwance lamo a ciyawa, uwarsa ce ta ɓoye shi, za ta dawo.

Darasin da ya fi zafi shi ne hana dabba sabawa da mutum. Ba a yi wa dabbar magana, ba a shafa ta, ana haɗa ta da 'yan'uwanta da wuri. Ɗan mujiyar da ya taso yana ganin mutum a matsayin uwa ba zai saku ba har abada. Tsuntsun da ya makance, ko wanda sai an yanke masa fiffike daga gwiwa zuwa sama, ƙa'idar tarayyar Amurka ta ce a hutar da shi, wato a kashe shi ba tare da azaba ba, sai dai in an nemi izini na musamman. Ko wanda ke samun sauƙi, kwana 180 aka yarda a riƙe shi, in ba a ƙara wa'adi ba.