Bogota, Garin da Aka Mayar da Bakwaini Ƙirjin Uwa

Daga Abuja muka bi ta Istambul, sannan muka ƙetare teku zuwa Kolombiya, tafiyar da sai da ƙafafuna suka kumbura takalmi ya matse ni. Da muka sauka a filin jirgin El Dorado, abin da ya fara kama ni shi ne haki. Bogota tana kan tsauni, mita 2,640 sama da teku, iskarta ba ta cika huhu, jan akwati kaɗai sai na tsaya na huta. Ga sanyi irin na tsakiyar hunturu, mutanen garin kuma suka ce haka yake duk shekara.

Ni nas ce, a ɗakin bakwaini nake aiki. Duk wanda ya taɓa kwana a irin ɗakinmu ya san yadda ake haɗa jarirai biyu a kwalba ɗaya, ya kuma san faɗuwar gaban da ake yi idan aka ɗauke wuta da tsakar dare. Mun daɗe muna ɗora wa iyaye mata jariransu a ƙirji, abin da ake kira renon kangaru, amma daga takardar bango muka koye shi. Da damar samun horo a garin da aka ƙirƙiro shi ta zo, ban yi wata-wata ba.

An haɗa ni ɗaki da wata unguwarzoma 'yar Garwa ta Kamaru, wadda ta girme ni, Hausa a bakinta tamkar Bakanuwa, ga Faransanci, har tana tsintar kalmomin Sifaniyanci. Ita ta zama bakina a kasuwa da cikin motocin TransMilenio masu ja. Ita ce kuma ta gano mana masallacin Abubakar Siddik ranar Juma'a, ta nemo mana inda ake dafa ajiaco, wani romon kaza da dankali da masara, wanda na riƙe shi abinci har na bar garin.

Kafin a fara karatu muka je ganin tsohon asibitin haihuwa, Instituto Materno Infantil, a kudancin tsakiyar gari. A nan ne a 1978 Dakta Edgar Rey Sanabria, farfesan lafiyar yara, ya rasa yadda zai yi da cunkoso. Kwalabe sun yi kaɗan, cututtuka suna yawo daga jariri zuwa jariri, wasu iyayen kuma idan aka daɗe da raba su da ɗan, sai su tafi ba su dawo ba. Sai ya yanke shawarar a ɗora jaririn da ya fara samun kansa a tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, ya sha nononta, a sallame su gida da wuri. Dakta Hector Martinez Gomez ya shigo aikin a 1979, kuma a 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su biyun lambar yabo ta Sasakawa. Na tsaya ina kallon ginin, ina tuna cewa matsalar da ta kai su ga wannan dabara ita ce dai wadda na baro a gida.

Sai dai duniya ba ta karɓi abin hannu bibbiyu ba. A 1985 wasu masu bincike biyu daga Ingila, Andrew Whitelaw da Katharine Sleath, da suka zo suka duba, suka rubuta a mujallar Lancet cewa alƙaluman da ake yaɗawa na yawan jariran da suka tsira ba su tsaya da ƙafafunsu ba, domin ba a lissafa waɗanda suka mutu tun kwanakin farko ba. Ni a ganina sun yi wa aikin gata, domin likita ba zai sauya yadda yake kula da ran jariri saboda labari mai daɗi ba, sai ya ga hujja.

Wadda ta ɗauki nauyin kawo hujjar ita ce Dakta Nathalie Charpak, likitar yara 'yar Faransa da ta tare a Kolombiya a ƙarshen shekarun 1980. Mahaifinta Georges Charpak shi ne ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1992. Ita da Juan Gabriel Ruiz, masanin lissafin cututtuka, da Dakta Zita Figueroa, suka zauna suka tsara aikin da ƙa'idoji, suka kafa gidauniyar Fundación Canguro a 1994. Tsakanin 1993 da 1996 suka raba jarirai sama da 700 masu nauyin kilo biyu ko ƙasa da haka gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ƙirji, wasu a kwalba. Sakamakon ya fito a mujallar Pediatrics a 1997. Abin da ya burge ni a takardar nan shi ne ba ta yi ƙari ba. Ba ta ce mace-mace sun ragu ba, cewa ta yi 'yan ƙirji ba su fi 'yan kwalba mutuwa ba, girmansu ɗaya, amma sun fi saurin barin asibiti, sun fi tsira daga cututtukan da ake kwasa a asibiti, sun kuma fi samun nonon uwa.

Duk wannan ana iya karanta shi daga gida. Abin da ba a karantawa shi ne ɗakin duba jarirai na asibitin San Ignacio, inda muka yi mafi yawan zamanmu. Babban ɗaki ne guda, likitoci a jere a kan dogon tebur, iyaye a kan kujeru suna jiran layi, kowa yana jin abin da ake faɗa wa ɗan'uwansa. Da gangan aka yi haka, don sabuwar mai jego ta ga wanda aka haifa kamar nata ya yi wata shida yana dariya. Na zauna kusa da wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba. Ta buɗe rigarta, sai ga ɗan a tsaye tsakanin nononta, kansa a juye gefe guda, ƙafafu da hannaye a buɗe, ba komai a jikinsa sai hula da safa da kunzugu da 'yar riga mai buɗaɗɗen gaba. Wani ƙyalle mai talewa ya zagaye su biyun ya riƙe shi, hannayenta a sake. Nas ta zaro shi, ta ɗora a sikeli, ta rubuta, ta mayar da shi kafin jikinsa ya huce. Abin da ake nema shi ne ya ƙara giram 15 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Da farko kullum ake kawo shi, idan ya kama hanya a koma mako-mako har ya kai lokacin da ya kamata a haife shi, sannan a ci gaba da bibiyarsa har shekara, ana duba ido da kunne da yadda ƙwaƙwalwa ke tafiya.

Can gefe wani magidanci mai gashin baki yana zaune da 'yarsa a cikin riga, matarsa ta tafi tatsar nono. Abokiyar tafiyata ta taɓa ni.

«Ƙanwata, kin ga wannan? A kawo mana shi Garwa ya yi wa mazanmu wa'azi.»

«Yaya, ai kafin maza sai an shawo kan kakanni,» na ce mata.

Da gaske nake. A wurinmu mai ɗan fari kunya ba ta barinta ta rungumi ɗanta a gaban surukai, 'yan barka kowa so yake ya karɓa ya gani, ga wankan jego safe da yamma. Ba na raina waɗannan al'adu, a cikinsu aka haife ni. Amma bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, kowane hannu da ya bi zafi yake rasawa. Idan kaka ta gane haka, ita ce za ta fi kowa tsare shi, har ta karɓi ɗan a nata ƙirjin mai jego ta samu ta yi wanka. Mun kwana muna wannan magana, muna shan tinto, baƙin kofin da ake sayarwa a kowace kwana ta garin.

Wata rana aka nuna mana yadda suke ajiye bayanai, kowane jariri da fayil ɗinsa tun daga ranar farko. Da irin waɗannan takardu ne Dakta Charpak da abokan aikinta suka koma neman jariran gwajin farko bayan shekara ashirin, suka sake duba 441 daga cikinsu, suka buga sakamakon a Pediatrics a 2017. Waɗanda aka rena a ƙirji sun fi zuwa makaranta ba fashi, ba su kai sauran rawar kai da saurin fushi ba, kuma amfanin ya fi fitowa a gidajen da iyaye ba su yi karatu mai zurfi ba. Neman mutum bayan shekara ashirin a garin da ya haura mutum miliyan bakwai, da tsohon adireshi a hannu, aiki ne na mai haƙuri ƙwarai. Na tuna rajistar ɗakinmu, wadda a kanta labarin jariri yake ƙarewa ranar sallama, sai jikina ya yi sanyi.

Daga wannan tushe sauran bincike suka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a 2003. Daga baya aka yi babban gwaji a Indiya da Malawi da Tanzaniya, da Kumasi a Ghana, da Ile-Ife a Najeriya, a kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo ɗaya zuwa ƙasa da 1.8, aka fara ɗora rabinsu a ƙirji nan take ba tare da jiran su samu kansu ba, sauran rabin kuma aka jira sai da suka samu kansu. An buga shi a 2021, mace-macen wata na farko sun ragu da kashi 25 cikin ɗari. A Nuwamba 2022 hukumar ta sauya ƙa'idarta, ta ce a fara da zarar an haihu, awa takwas zuwa ashirin da huɗu a rana, sai dai jaririn da yake cikin matsanancin hali. A shekarar 2020 kaɗai an ƙiyasta haihuwar bakwaini miliyan 13.4 a duniya.

Ranar Lahadin ƙarshe, lokacin da ake rufe manyan tituna a bar wa masu keke, muka hau motar igiya zuwa dutsen Monserrate, muka ga garin a shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Washegari muka shiga kasuwa neman ƙyallen nan mai talewa. Na sayi guda biyu don tela ya kwaikwaya, na kuma roƙi kwafin takardar da suke rubuta awon jariri a kai. A cikin jirgi na zana yadda za mu ware safiyar Talata da Juma'a don iyayen da aka sallama su riƙa dawo da jariransu awo, da wasiƙar neman sikeli mai nuna giram da kujeru masu jingina guda shida.