Abin da Lambobin Tunawa da Masu Keta Yammacin Amurka Suka Koya Mini

Na soma tara lambobin ƙarfe na tunawa da mutanen da suka fara keta yammacin Amurka ne bayan da aiki ya zaunar da ni a birnin St. Louis na jihar Missouri, inda tituna da makarantu da gadoji ke ɗauke da sunan Meriwether Lewis da William Clark. Daga wani sansani kusa da wannan birni ayarinsu ya tashi ranar 14 ga Mayu, 1804, bisa umarnin Shugaba Thomas Jefferson, wanda a 1803 ya sayi makekiyar ƙasar Louisiana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, yana kuma son a gano masa ko akwai hanyar ruwa da za ta kai fatake har tekun Fasifik. Sun isa bakin tekun a Nuwamba 1805, suka dawo gida ranar 23 ga Satumba, 1806. Wannan shi ne labarin da kowa ya sani, amma shekarun da na yi ina jujjuya waɗannan ƙarafa a tafin hannuna sun nuna mini cewa lamba ta fi ba da labarin waɗanda suka buga ta, da bukatar da ta sa suka buga ta, fiye da labarin mutumin da fuskarsa ke kanta.

Wadda na fara mallaka ita ce lambar sulhu ta Jefferson, kuma har yau ita na fi daɗewa ina kallo. A gefe guda akwai kan shugaban da sunansa da shekarar 1801. A ɗaya gefen akwai hannaye biyu suna musafaha: ɗaya ya fito daga hannun rigar soja mai maɓallai, ɗayan kuma yana sanye da awarwaro mai zanen gaggafa. A samansu an gicciya ɗan gatarin yaƙi da lofen shan taba, sannan aka rubuta kalmomin zaman lafiya da abota. Lewis da Clark sun tafi da irin waɗannan lambobi masu yawa, manya da matsakaita da ƙanana, suna rataya wa sarakunan 'yan asalin ƙasar gwargwadon matsayin da suka ga kowane sarki yana da shi. A wajen baƙin, wanda ya karɓi lamba ya amince da ikon Amurka ke nan, alhali sarakunan da dama suna kallon ta a matsayin kyauta tsakanin tsara da tsara.

A kan wannan lamba na koyi darasin da ya fi amfanar aljihuna, wato shekarar da ke jikin lamba ba lallai ba ne ta zama shekarar da aka buga ta. Na asali na azurfa ne, kuma cikinsu holoƙo ne, domin injinan ma'aikatar buga kuɗi ta Filadelfiya a wancan lokaci ba su da ƙarfin buga lamba mai faɗi da kauri haka. Sai aka buga fuska biyu a kan siraran faranta, aka haɗa su da zobe a gefe, kamar ƙwarya biyu da aka kife ɗaya a kan ɗaya aka ɗinke bakinsu. Irin waɗannan yawanci a gidajen adana kayan tarihi suke, idan kuwa ɗaya ta fito gwanjo, kuɗinta ya fi ƙarfin irina. Tawa ta tagulla ce, curarriya mai nauyi, cikin waɗanda ma'aikatar ta ci gaba da bugawa domin sayarwa tun ƙarni na 19, duk kuwa da 1801 ɗin nan a jikinsu. Su ma ɗin suna da daraja hawa-hawa: na ƙarni na 19 launinsu ruwan ƙasa ne mai duhu da sheƙi, na baya-bayan nan kuma suna da ɗorawa-ɗorawa, fuskarsu ba ta ƙyalli. Saboda haka kafin na yi ciniki sai na ɗora lamba a kan ƙaramin sikeli, na auna faɗinta, na duba bakinta da gilashin ƙara girma, domin jabun da aka zuba a mazubi yakan bar siririn layi a gefe da 'yan ramuka a fuska.

Akwai wani labari da ke cikin littafin tafiyar Lewis wanda ya sauya yadda nake kallon hannayen nan biyu. A Yuli 1806, a kan hanyar dawowa, rikici ya ɓarke tsakanin Lewis da mutanensa da wasu samarin ƙabilar Blackfeet a bakin kogin Two Medicine, cikin jihar Montana ta yanzu, a kan bindigogi da dawakai. An kashe ɗaya daga cikin samarin nan take, an harbi wani, kuma Lewis ya bar lambar sulhu a wuyan gawar domin 'yan uwan mamacin su san ko su wane ne suka zo. Ban daina son lambar ba don na san haka, amma ba na yarda na nuna wa baƙo ita ba tare da na ba shi wannan labari ba.

Yawancin abin da masu tarawa ke samu a kasuwa an buga shi ne shekara ɗari ko fiye bayan tafiye-tafiyen, a lokacin da biranen yamma ke son nuna wa duniya cewa sun kawo ƙarfi. Domin baje kolin da aka yi a Portland a 1905 aka buga dalar zinariya mai ɗauke da 1904 da kuma mai 1905, Lewis a fuska ɗaya, Clark a ɗayar, kuma kusan dubu goma-goma ne kawai suka shiga hannun jama'a. A 1906 mutanen Colorado Springs suka yi bikin cika shekara ɗari da Zebulon Pike ya hango dutsen da ake kira da sunansa, suka fitar da lamba mai fuskarsa da hoton dutsen, ko da yake shi Pike ɗin ya yi yunƙurin hawansa a Nuwamba 1806 bai kai ƙololuwa ba. Lambobin bukukuwa irin wannan, masu girman dalar azurfa, marubuta biyu, Hibler da Kappen, sun jera su a kundinsu na 1963, shi ya sa dillalai ke kiran kowace da lambar jerinta ta HK, wato haruffan farko na sunayensu, kuma wanda bai san wannan tsari ba zai sha wuya wajen kwatanta farashi.

Rabin dalar Daniel Boone kuwa ta koya mini cewa ƙarancin abu wani lokaci shirya shi ake yi. An fara buga ta a 1934 domin cika shekara 200 da haihuwar mutumin da ya share hanya ta mashigar Cumberland zuwa Kentucky a 1775, kuma a bayanta an zana shi tsaye tare da Blackfish, sarkin ƙabilar Shawnee. Maimakon a tsaya a shekarar bikin, sai aka ci gaba da bugawa har 1938 a ma'aikatu uku, a 1935 kuma aka ƙara ɗan ƙaramin rubutun 1934 a baya, aka buga kusan dubu biyu-biyu kacal a Denver da San Francisco, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Irin wannan wasa da masu saye ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta taka wa abin birki a 1939. Ni dai guda ɗaya na saya, cikin masu sauƙin samu, domin zanen nake so, kuma zanen duk ɗaya ne.

Batun adanawa ba shi da tsawo. Ba a goge tsohuwar lamba ko wanke ta da wani sinadari, domin launin da shekaru suka ba ta yana cikin darajarta, kuma kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC ba sa ba wadda aka goge maki a ma'auninsu na 1 zuwa 70. A gefe ake riƙe ta, a ajiye ta a busasshen wuri cikin murfin roba mai tauri, domin lallausar ledar nan mai sinadarin PVC tana barin koren danƙo a kan ƙarfe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkirin da aka yi kafin a tuna da waɗanda suka ɗauki nauyin tafiyar ba tare da an ambaci sunansu ba. Sacagawea, 'yar ƙabilar Shoshone da ta yi wa ayarin tafinta tana goye da jaririn da ta haifa a Fabrairu 1805, sai a shekarar 2000 ta hau kan dala, da zanen Glenna Goodacre. York, baƙar fatar da ke bawa a hannun Clark, ya yi farauta, ya ja kwalekwale, ya kai har tekun ya dawo, amma sauran suka sami albashi da filaye shi bai sami komai ba, ubangidansa kuma ya ƙi 'yanta shi shekaru bayan dawowarsu. A 2001 Shugaba Bill Clinton ya ba shi muƙamin saje na girmamawa. A kan kwandalar santi 25 ta jihar Missouri ta 2003 akwai mutum uku cikin kwalekwale, ana kuma ɗaukar na ukun a matsayin York, ko da yake ba a rubuta sunan kowa ba. Wannan kwandala, wadda na tsinta a cikin canjin kanti, na ba ta gurbi a jere ɗaya da lambar Jefferson.

Yanzu kowace lamba da ke akwatina tana da ɗan kati a ƙarƙashinta, inda nake rubuta ƙarfen da aka yi ta da shi, da nauyinta, da shekarar da aka buga ta a zahiri, da wanda ya sa aka buga ta, da sunan al'ummar da ke zaune a ƙasar kafin mai binciken ya iso. Layi na ƙarshen nan shi ya fi cin lokaci, domin sau da yawa sai na koma ga littattafan tafiyar da taswirori kafin na iya cike shi, kuma katin lambar Pike shi nake kan aikinsa a halin yanzu.