Yatsana da hasken ja: shekara biyar ina koyon injiniyancin na'urorin asibiti a Kayseri

Ranar da zan bar Zariya a watan Satumba na 2019, kakata ta dafa kaina ta ce, "Allah Ya dawo mana da likitanmu lafiya." Na ce, "Hajiya, ba likita zan zama ba, injiniyan na'urorin asibiti ne." Ta ce ai duk asibiti ne. Har yau akwai masu kawo mini takardar magani in duba musu.

Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya na samu, wanda ake kira Türkiye Bursları. Suna ɗaukar kuɗin makaranta da ɗakin kwana da inshorar lafiya, su ba da alawus duk wata, amma shekarar farko a koyon Turkanci take ƙarewa. Aka tura ni Kayseri, a gindin dutsen Erciyes mai tsawon mita 3,917. Sanyin garin ya sa na gane hunturun gida rahama ne.

Kuskurena na farko shi ne raina shekarar harshen nan. Na ɗauka in dai na ci jarrabawa, shi ke nan. Ashe Turkancin sayen burodi daban, na malami yana zuba lissafi a allo daban. Ga annobar korona ta maida mu karatu ta intanet, babu abokin zama da zan taɓa in tambaya. Na zo da zumuɗin ganin manyan injinan ɗaukar hoton jiki, sai na tarar da lissafi da fiziks da da'irar lantarki da rubuta manhaja, ilimin sassan jiki kuwa ɗan kaɗan. Na faɗi darasin da'irar lantarki, sai a jarrabawar gyara da suke kira bütünleme na tsallake. Duk wanda lissafinsa ke rawa, ya gyara shi tun yana gida.

A aji uku karatun ya fara yi mini magana. An raba mu bibbiyu, aka ce mu haɗa na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini. Aikinta da haske ne: ƙananan fitilu biyu, ɗaya ja mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambance nau'in haske) nanomita 660, ɗaya mai nanomita 940 wanda ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba, kowanne da yadda yake shanye hasken, daga bambancin ake fitar da adadi. Abokin aikina Baturke ya sa yatsansa, layin bugun zuciya ya fito tsaf a allon. Na sa nawa, sai layin ya ƙanƙance, yana rawa. Muka sake ɗaura waya, muka canja fitila, duk ɗaya. Na je wurin malamarmu na ce, "Hocam (wato malamata), tamu ta lalace." Ta riƙe hannuna ta duba, ta ce na'urar lafiyarta lau, fatata ce ke shanye wani kaso na hasken. Ta tura ni in karanta binciken da masana a Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa a watan Disamba na 2020, wanda ya nuna irin wannan na'ura takan ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen majiyyata kusan ninki uku fiye da farare.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na riƙa tuna yaran da ke kwance da ciwon huhu a asibitocinmu, ma'aikaciyar jinya ta ga oksijin kashi 94 cikin ɗari a allo ta samu natsuwa, alhali gaskiyar adadin tana iya zama ƙasa da haka. Har zuwa lokacin karatun neman digiri kawai nake yi. Daga ranar na soma tambayar kowace na'ura: a jikin wa aka gwada ki, a wane yanayi?

Sauran ilimin a horon hutu na same shi, wanda suke kira staj, a ɗakin gyara da ke ƙarƙashin wani asibiti. Wani dattijon makaniki, Usta muke ce masa, ba ya barin in taɓa sukurdireba sai na duba filogi da fis da batir. Yawancin injinan da ake turo mana da sunan sun mutu, waya ce ta tsinke ko matatar injin ta toshe. Da na sani, da kowane dogon hutu a can zan ƙare shi, maimakon kwanakin da aka wajabta kawai.

Na gama a 2024, bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta sake maida mu karatu daga nesa na wani lokaci. Da na dawo, sai da aka tantance takarduna a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja kafin in shiga bautar ƙasa, don haka a adana asalin kowace takarda da fassararta mai hatimi.

A wani ƙaramin asibiti da aka tura ni, na tarar da injinan tace oksijin guda uku an jingine a sito. Irinsu kan ja iskar ɗaki mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, su riƙe naitrojin, su fitar da sama da kashi 90. Na buɗe bayan na farko, na zaro matatar, ƙurar hunturu ta daskare a jikinta kamar tabarma. Na wanke, na shanya, na mayar. Biyu sun tashi kafin la'asar. Na ukun yana nan, muna jiran kayan gyara daga Legas.