Rufin Asiri Ba Hajar Sayarwa Ba Ne

Saura mako uku a ɗaura auren ɗiyar ƙanwata a nan Gusau, sai ta same ni a zaure bayan sallar isha'i, ta durƙusa, ta ce, "Kawu, ina cikin masifa." Watanni biyu kafin nan ta kai wayarta gyara, shi kuma mai gyaran ya kwashe hotuna da saƙonnin da suka shiga tsakaninta da wani saurayi da suka rabu tun da daɗewa. Yanzu ya aiko mata ta WhatsApp cewa in ba ta tura masa naira dubu hamsin ba, zai aika wa dangin ango. Ta riga ta ba shi dubu ashirin daga kuɗin ɗinkinta, kuma da ya ga ta tsorata sai ya dawo yana neman ƙari.

Da na kawo zancen a majalisarmu, ba tare da na ambaci kowa ba, wani abokina ya yi tambayar da ta tsaya mini a rai. Ya ce a ajiye maganar satar hotuna, wannan laifi ne a fili. Amma idan mutum ya san wata gaskiya ta hanyar halal, faɗinta ba laifi ba ne, neman kuɗi a wurin wani ma ba laifi ba ne, to me ya sa haɗa su biyun zai zama laifi? Masana shari'a a Ingila da Amurka sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan tambaya, saboda haka ban ɗauke ta da wasa ba.

Abin da na fahimta shi ne, asirin da ke hannun mutum bai wuce ɗayan biyu ba. Ko dai asiri ne da ya shafi haƙƙin wasu, kamar ma'ajin da ke wawure kuɗin marayu ko dillalin da ke sayar da shanun sata, wanda wajibi ne a kai shi gaban hukuma. Wanda ya karɓi toshiyar baki ya yi shiru a nan ya sayar da haƙƙin marayun ne, abin da tun farko ba nasa ba. Ko kuwa asiri ne da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuskuren ƙuruciya da aka tuba daga gare shi, wanda addini ya ɗora mana suturta shi ba tare da ko sisi ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira, aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin aibin mutane, aya ta 188 ta Suratul Baƙara kuma ta hana cin dukiyar juna da ɓarna. Ta kowace fuska aka duba, mai barazanar yana neman farashin abin da ba shi da ikon sayarwa. Kuma cinikin nasa ba ya ƙarewa, domin mai sayen gero yana tafiya gida da buhunsa, amma wadda ta sayi shiru tana barin hotunan a hannun mai su.

Doka ma ba ta bar ƙofa ba. Sashe na 291 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ya lissafa tsoratar da mutum domin a karɓi dukiyarsa cikin laifuffuka, tsoron zubewar mutunci kuma yana ciki, ko abin da za a faɗa gaskiya ne ko ƙarya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 24, ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga mai barazanar ɓata sunan wani ta waya ko kwamfuta domin ya karɓi kuɗi. Girman matsalar ya fito fili a watan Yulin 2024, lokacin da kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 daga Nijeriya saboda irin wannan ta'asa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙarfin mai barazanar daga wurinmu yake samo shi. A jihar da ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999, ya kamata yarinya ta fi amincewa da suturar iyayenta a kan alkawarin azzalumi, amma ita ta kwana goma sha biyu tana kuka ita kaɗai, domin ta tabbata cewa in maganar ta fita, ita za a fara tuhuma kafin a tambayi wanda ya ci amanarta.

Na ce mata, "'Yata, kada ki ƙara tura ko kwabo, kuma kada ki goge saƙo ko ɗaya." Washegari ni da mahaifinta muka kai ƙara wurin 'yan sanda da saƙonnin da shaidar tura kuɗin, sannan na je da kaina na zauna da waliyyin ango na gaya masa iyakar abin da ya kamata ya sani. Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata. An ɗaura auren a ranar da aka sa. Dubu ashirin ɗin ba su dawo ba, kuma mahaifiyarta ta gaya mini cewa har yanzu in baƙuwar lamba ta kira ta, sai ta miƙa wa mijinta wayar ya ɗauka.